Thunderbird ko Outlook? Ka duba yadda suke matse saƙonni kafin ka zaɓa

Duk mai shagon buga takardu a Birnin Kebbi, ko akawun masu sarin shinkafa a Argungu, da ke karɓar imel a kwamfuta, wata rana sai ya ci karo da wannan: ya goge saƙonni ɗaruruwa, ya zubar da kwandon shara, amma jan layin da ke nuna ma'ajiya ta cika yana nan daram. Kada ka zargi mai gyara. Haka aka gina manhajar.

Ka san littafin bashi na mai kanti. In mutum ya biya, layi ake ja a kan sunansa, ba a yage shafin. Littafin ba ya raguwa sai ranar da aka zauna aka kwafe sunayen waɗanda ba su biya ba zuwa sabon littafi, aka jefar da tsohon. Wannan kwafewar ita ce matsewa. Kowace manhaja da yadda take yin ta, kuma a garin da ake ɗauke wuta ba sallama, wannan ya fi kyan fuskar manhajar muhimmanci.

Thunderbird kyauta ce, ta gidan Mozilla, tun 2004 ake amfani da ita. Tsarin ajiyarta ana kiransa mbox: kowace folda fayil ɗaya ce, saƙonni na jere a ciki ɗaya bayan ɗaya. Akwatin shigowa fayil guda, na aikawa fayil guda. In ka goge saƙo, ko ka mayar da shi wata folda, alama kawai ake yi masa, gangar jikinsa na nan. Shi ya sa za ka ga akwatin da ke nuna saƙo talatin kacal amma fayil ɗinsa ya haura gigabait biyu, saboda duk takardun kwangila da hotunan rasit na shekarun baya suna kwance a ciki.

Matsewar ba ta da wuya. Ka danna dama a kan folda ka zaɓi Compact, ko ka shiga File ka zaɓi Compact Folders don a yi wa duka. Abin da ya sa na fi son ta shi ne folda-folda ake yi. Za ka iya matse ƙaramar yau, ka bar babbar sai ranar da aka tayar da janareto. Tana kuma da saitin da za ta tambaye ka kafin ta fara da kanta. Ka bar wannan tambayar a kunne, musamman in kwamfutarka 'yar Kwatano ce da batirinta ya mutu, wadda da an taɓa wayar caja sai ta ɗauke.

Ga inda hatsarin yake. Lokacin matsewa, Thunderbird tana rubuta sabon fayil na wucin gadi mai suna nstmp, sai ta gama sannan ta maye gurbin tsohon da shi. Don haka tana buƙatar fili a ma'ajiya kafin ta ba ka fili. In wuta ta tafi a tsakiya, sau da yawa za ka tarar da nstmp ɗin a zube a cikin jerin foldoji. Kada ka yi gaggawar goge shi sai ka tabbatar ainihin foldar na buɗewa lafiya. Sannan ka sani, kafin a matse, gwani zai iya tono saƙon da aka goge bisa kuskure daga cikin fayil ɗin. Bayan an matse, ya tafi ke nan.

Outlook na asali, wanda ke zuwa da Office, kuɗi ake biya. Shi komai a tulu ɗaya yake zubawa: saƙonni, sunayen mutane, kalanda, duk a fayil guda, PST ko OST. Tsofaffin nau'o'i har zuwa na 2002 a gigabait 2 suke tsayawa, na 2003 da 2007 suka kai 20, daga na 2010 zuwa sama 50. Maɓallin matsewarsa a ɓoye yake: File, Account Settings, Data Files, ka zaɓi fayil ɗin, Settings, sannan Compact Now. Yakan matse kaɗan-kaɗan da kansa in kwamfuta na kunne ba a taɓa ta, amma wa ke barin kwamfuta a kunne a banza da kuɗin man nan? In ka danna da hannu a kan babban fayil, zai iya cin awanni, kuma fayil ɗaya tilo da ke riƙe da komai ake taɓawa. Microsoft ta haɗa shi da ɗan kayan gyara mai suna scanpst. Yana taimakawa, sai dai ba kullum yake dawo da komai ba.

Bambancin PST da OST ya kamata mai saye ya riƙe. OST kwafi ne na abin da ke can a sabar, wato kwamfutar kamfanin da ke riƙe maka imel. In ya lalace ana iya sauko da sabo, data kawai za ta sha wuya. Ko a nan ma ka duba, in akwai foldar da aka rubuta wa This computer only, ita ba ta da kwafi a ko'ina. PST kuwa, wanda asusun POP (tsarin da ke sauko da saƙonni ya ajiye su a kwamfutarka) ke amfani da shi, galibi shi ne kaɗai abin da kake da shi. Wani abin lura: Office 2016 da 2019 sun daina samun sabuntawar tsaro tun 14 ga Oktoba 2025, ranar da Windows 10 ma ta daina. In mai sayar da kwamfuta ya ce maka "na sa maka Office kyauta", ka tambaye shi wanne, kuma da wane lasisi.

Sabon Outlook, wanda ya gaji Mail na Windows bayan ƙarshen 2024, ba shi da wannan maɓalli, don saƙonnin a sabar Microsoft suke zaune. Ka huta da matsewa, amma ka koma hannun sabis. A cikin gari ba laifi. Wanda ke aiki a Kamba ko ƙauyukan Yauri, ya fara gwada shi ranar da sabis ya yi rauni kafin ya dogara da shi. Masu Mac ba ruwansu da wannan magana sosai, don Mail na Apple kowane saƙo fayil ɗinsa daban. Wanda kuma har yanzu ke riƙe da tsohuwar manhajar Outlook Express a kan Windows XP, don Allah ya kwashe kayansa: kowace folda gigabait 2 ce iyakarta, kuma tun 2014 aka daina kula da XP ɗin.

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya matse foldoji yana jiran Gmail ya daina ce masa ya cika. Gigabait 15 ɗin da Google ke bayarwa kyauta a can suke, tare da Drive da hotuna. Matsewa ma'ajiyar kwamfutarka take sauƙaƙa wa. Na can sai ka goge manyan saƙonni ka zubar da sharar, ko ka jira kwana 30 ta zube da kanta.

In ni ne, ƙaramin shago ko ofishi mai kwamfuta ɗaya ko biyu, Thunderbird zan sa da IMAP, wato tsarin da ke barin saƙonni a sabar, in saita ta ta riƙa ajiye saƙonnin 'yan watannin baya kawai a kwamfuta. Ma'aikatar da ke da lasisin Microsoft 365 da inbata mai ƙarfi, ta zauna a Outlook ɗinta, ba dalilin ƙaura. Ko wacce ka ɗauka, kafin matsewar farko ka rufe manhajar, ka kwafe foldar bayananta ko fayil ɗin PST zuwa wani faifai na waje ko filas. Ka duba filas ɗin tukuna: in tsarin FAT32 ne, ba zai karɓi fayil da ya wuce gigabait 4 ba, ko da rabinsa fanko ne.