Cross-reference na Microsoft Word: yana da amfani, amma yakan kunyata mutum a shagon bugawa

Idan lokacin miƙa kundin kammala karatu ya zo, shagunan buga takardu na Ayeduase da Tech Junction, kusa da jami'ar KNUST a Kumasi, sukan cika da ɗalibai, har da yaranmu na Aboabo da Asawase. A nan ake yawan ganin wani layi mai kaurin rubutu ya tsaya a tsakiyar jimla: “Error! Reference source not found.” An riga an buga, an biya.

Shi cross-reference, wato tsarin Word da ke saka maka lambar jadawali ko kanun babi a inda ka ambace shi cikin rubutu, ba shi da laifi a asali. Kundi mai jadawali 30, ka ƙara ɗaya a babi na biyu, duk lambobin da ke bayansa sai sun canza, kuma gyara su da hannu wahala ce. Cross-reference yana ɗauke maka wannan, muddin da Insert Caption, umarnin Word mai sa wa jadawali suna da lamba, ka sa sunayen jadawalin. Wanda aka rubuta da hannu ba ya ma fitowa a jerin da za ka zaɓa daga ciki.

Inda gizo ke saƙar shi ne yadda yake riƙe abin. Da ka zaɓi jadawali, Word yakan ɗaura masa ɓoyayyiyar alama mai suna da ke farawa da _Ref, sai lambobi. Ka goge sunan jadawalin ka sake rubutawa, alamar ta tafi. Word kuwa ba ya ce maka uffan. Tsohuwar lambar tana nan lafiya a allo har sai an sabunta, kuma idan kwamfutar shagon an kunna mata “Update fields before printing”, wato sabunta lambobin kafin bugawa, a kan takarda za ka fara ganin ɓarnar. Wannan shirun shi ne babban aibinsa a ganinmu.

Akwai na biyu mai ban haushi. Ka ajiye alamar rubutu a farkon kanun babi ka danna Enter ka yi rubutu a sama, sai ɓoyayyiyar alamar nan ta miƙe ta haɗiye sabon sakin layin, ya bayyana gaba ɗaya a wurin da ya kamata a ga kanun kawai. Haka ma idan malami ya duba aikin da Track Changes, tsarin da ke nuna gyare-gyaren da aka yi: sai an amince da gyare-gyaren lambobi ke daidaita.

Kafin ka hau trotro (motar haya) zuwa shago, danna Ctrl+A sannan F9 don a sabunta lambobin. A wasu kwamfutocin cinya sai an haɗa da Fn. Wannan ba ya taɓa bayanan ƙasan shafi da akwatunan rubutu, sai ka shiga cikinsu ka maimaita. Sannan ka nemi kalmar Error da Ctrl+F, duk wadda ka samu ka goge ta ka sake sakawa. Ka mayar da fayil ɗin PDF, shi za ka kai.

Idan dole mai shago ya karɓi fayil ɗin Word, yi kwafi, ka zaɓi komai, ka danna Ctrl+Shift+F9. Lambobin za su zama rubutu na yau da kullum, ba za su ƙara motsi ba. A kwafin kaɗai, don na asali zai yi maka amfani idan malam ya dawo da gyara.