Kafin ka buga make install, ga hanyoyin ƙulla manhaja da wadda na zaɓa

Duk mai aiki da Linux wata rana zai buƙaci manhajar da babu ita a rumbun tsarinsa, ko kuma wadda ke can ta tsufa. Sai ya sauko da tushen lambobinta, ya buga ./configure, ya buga make, ya rufe da sudo make install. Ni ma haka na fara, kuma na ji a jikina. A ɗakin kwamfutocin wata makaranta da nake kula da shi, na girka wani ɗakin karatu na lambobi, wato tarin lambobin da wasu manhajoji ke dogara da shi, ta wannan hanya, fayiloli suka watsu cikin /usr/local kamar gero a fili. Bayan wata uku manhajoji biyu suka daina buɗewa, na nemi cirewa, ashe marubucin bai sa make uninstall ba, ni kuma na riga na goge foldar da na harhaɗa a ciki. Kwana biyu ina tsince-tsince. Tun daga nan ma'aunina guda ne: in apt, mai girkawa da cire manhajoji a Debian da Ubuntu, bai san da abu ba, ba zai shiga na'urata ba.

Shi ya sa na fi son hanyar Debian ta asali, wato debhelper da dpkg-buildpackage. Tana da ɗan wuyar koyo, ban musa ba. Za ka buɗe folda mai suna debian a cikin tushen, ka zuba fayiloli huɗu: control, inda ake rubuta sunan ƙunshin da abubuwan da ya dogara da su, changelog, mai ɗauke da lambar fitowa, copyright, na lasisi, da rules, wanda yau sau da yawa layi uku ne kacal domin dh, umarnin debhelper, ke ɗaukar nauyin sauran. Umarnin dh_make zai zana maka kwarangwal ɗin su duka. Daga nan dpkg-buildpackage -us -uc, sai ga fayil ɗin .deb, wato ƙunshin da apt ke girkawa, ya fito a foldar sama.

Abin da ya saye ni shi ne, ba a taɓa tsarinka lokacin ginin. Ana jera fayilolin a wata folda ta wucin gadi, a naɗe su, kuma dh_shlibdeps ya duba da kansa waɗanne ɗakunan lambobi manhajar ke kira ya rubuta su cikin ƙunshin. Bayan haka lintian, mai binciken ƙunshi, zai yi maka tsegumi kan kowane kuskure, har wanda ba ka damu da shi ba. In kana son tabbaci, sbuild ko pbuilder za su sake ginin a tsaftataccen muhalli, a nan ne za ka gane ko akwai abin da ka manta ba ka ambata ba. Kuma in manhajar na cikin rumbun Debian ko Ubuntu, gyara kawai kake so, apt source da apt build-dep sun gama maka rabin aiki. Ga mu masu auna data da cokali, ga wuta mai zuwa da tafiya, riba ce babba ka gina sau ɗaya ka ɗora a filasha ka zagaya kwamfuta ashirin.

Sauran fa? checkinstall yana fitar da .deb cikin minti ɗaya, amma girkawar gaske yake bi yana leƙe, kuma ba ya gano abin da manhajar ta dogara da shi. Na kwamfutar ɗaki ne. fpm na Jordan Sissel yana juya folda ta zama deb ko rpm, sai dai sai ka jawo Ruby, kuma abin da ka ba shi kawai yake naɗewa. Mutanen Fedora suna da rpmbuild da fayil ɗin spec, ba laifi in can kake. PKGBUILD na Arch ya fi kowa sauƙin karatu, wannan na yarda. AppImage, Flatpak da Snap kuwa manhaja ƙarama sai ta zo da kayan ɗakinta duka.

Amma duk wannan zaɓe-zaɓen banza ne in tushen da ka sauko da shi gurɓatacce ne. A watan Maris na 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya lura shiga ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, na ɗan jinkiri fiye da kima, ya bi diddigi, sai ga ƙofar baya a cikin xz, manhajar matse fayiloli, fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1. Wanda ya dasa ta, mai amfani da sunan Jia Tan, ya shafe kusan shekara biyu yana aiki kamar mutumin kirki har aka ba shi amana. Kuma wani ɓangare na tarkon yana cikin fayil ɗin tar da aka saki ne, babu shi a ma'ajiyar git, yana tashi ne daidai lokacin da ake ginin ƙunshin deb ko rpm. Kafin nan, a Fabrairun 2016, an kutsa shafin Linux Mint aka karkatar da masu saukewa zuwa hoton faifai na jabu. A 2018 an gano wani ya karɓi ƙunshin acroread da aka yasar a AUR, rumbun da masu amfani da Arch ke zuba ƙunshi, ya cusa masa mugun umarni. A 2024 an kama manhajojin jakar kuɗin kirifto na bogi a shagon Snap.

Don haka ka sauko daga shafin masu manhajar na ainihi, kada ka bi mahaɗin da wani ya tura a guruf. Ka gwada lambar tantance fayil da sha256sum ya fitar da wadda suka buga, in akwai sa hannu ka yi gpg --verify, ka kuma tabbata makullin nasu ne, domin ɓarawon da ya canza fayil zai iya canza lambar da ke gefensa. Duk wanda ya ce ka kwafi layin curl ka zuba kai tsaye cikin sudo bash, makullin gidanka yake nema. PPA, wato rumbun manhaja na wani mutum da ake ƙara wa Ubuntu, ma haka: duk wanda ka ƙara ka ba mai shi ikon root, cikakken iko kan na'urarka, a kowace sabuntawa. Shi ma .deb ɗin da aboki ya ba ka, buɗe shi da dpkg-deb -e ka karanta postinst, umarnin da ke gudana bayan girkawa, tukuna, don da ikon root yake gudana. Ginin kansa kuwa ba ya buƙatar sudo ko kaɗan. Fakeroot, mai kwaikwayon ikon root ba tare da ba da shi ba, ya wadatar.