Tsakanin 37 da 18: ka bar shi ya kwana a sanyi

Ƙanina, furotin ɗinka da ke dunƙulewa a cikin E. coli, ƙwayar bakteriyar da kake ƙera shi a ciki, kana tambaya zafin digiri 37 ko 18? Ɗauki 18.

Ni ma na sha wannan wuya lokacin digirina na biyu a nan Kumasi. Wata biyu ina zuba IPTG, sinadarin da ke sa ƙwayoyin su fara ƙera furotin, a 37, layin furotin ya fito ɓaro-ɓaro a jel ɗin da ake duba furotin da shi, har in fara murna. Da na fasa ƙwayoyin na juya su a inji, sai duk furotin ɗin ya kwanta a dunƙule a gindin kwalba, ruwan sama fayau. Wata yayarmu a ɗakin gwaji ce ta tausaya mini. Ta ce in bar BL21, wato nau'in E. coli ɗin, ya girma a 37 har OD, ma'aunin yawan ƙwayoyi, ya kai 0.6, in tsoma kwalbar a ruwan ƙanƙara ta huce tukuna, sannan in sa IPTG kaɗan, 0.1 mM, ya kwana a 18, awa 16 zuwa 20. Da safe na ga furotin a ruwan sama, yana kuma aiki. Ranar waake na saya mata, har da ƙwai.

Sanyi yana rage saurin ƙera furotin ne, sai kowane zare ya samu sukunin naɗewa daidai kafin na bayansa ya iso. A zafi kuwa rututu suke fitowa, sassansu masu gudun ruwa su manne da juna. Enzayim masu cinye furotin ma suna lafawa a sanyi.

Shi 37, to, awa 3 ko 4 ka tashi. In furotin ɗinka mai sauƙin kai ne, ko kana da haƙurin narkar da dunƙule da sinadarin yuriya mai ƙarfi (8 M) ka sake naɗe shi, bismilla.

Amma ka kula da dillalan tsofaffin na'urori. Zafin garin nan ba zai ba ka 18 ba sai da injin girgiza mai sanyaya. Wani ya taɓa sayar mana da ɗaya, allonsa na nuna 18, da muka sa ma'aunin zafi a ciki muka tarar da 27. Kada ka ba da ko sidi ɗaya sai ya yi awa biyu a kunne a gabanka, da ma'auninka a ciki. IPTG ma ka duba ranar lalacewarsa.

In ba ku da mai sanyaya, gwada 25 a ɗaki mai AC. Ka kuma tabbata akwai mai a janareta, don dumsor, wato ɗauke wuta, ba ya sallama.