Ƙuri'ar WhatsApp: ra'ayi take ƙirgawa ko 'yan amshin shata?

Tun Nuwamba 2022 WhatsApp ya ƙaro hanyar jefa ƙuri'a a cikin hira. Haɗa ta ba wuya: a taɓa alamar maƙala fayil, ko alamar + a iPhone, a zaɓi ƙuri'a, a rubuta tambaya da amsoshi har 12. A kula da maɓallin da ke ba mutum damar zaɓar amsa fiye da ɗaya, domin a kunne yake zuwa. Idan ba a kashe shi ba, adadin ƙuri'u zai iya zarce adadin mutane, lissafi ya dagule.

Wurin tsayar da ranar taro ko lokacin haɗuwa, babu abin kushewa.

Matsalar tana bayyana ne idan tambayar ta shafi shugabanci, kuɗin ƙungiya ko wanda ake jin nauyinsa. A tsarinta na asali, kowa a rukuni yana ganin sunan wanda ya zaɓi kowace amsa, kuma sakamakon yana fili tun kafin mutum ya jefa tasa. Da zarar shugaba da na hannun damansa sun fara, saura sai bin yarima a sha kiɗa. Wanda ya saɓa musu ba kuskure kaɗai ake ɗora masa ba, cewa ake yi ba namu ba ne, don haka ƙuri'ar ta koma shelar mubaya'a. Kuma tunda ana iya sauya zaɓi, wanda ya ga ya zama saniyar ware yakan lallaɓa ya koma cikin jama'a.

Ba sabon hali ba ne. A gwajin kwatanta tsayin layuka da masanin halayyar ɗan adam Solomon Asch ya yi a shekarun 1950, kusan kashi 75 cikin ɗari na mahalarta sun bi amsar taro aƙalla sau ɗaya, alhali idonsu na ganin kuskure ce. Da aka ba su damar rubuta amsa a asirce, bin taron ya ragu ƙwarai.

A nan Telegram ya fi WhatsApp. Ƙuri'arsa ta 2018 da ɓoye suna ta fara, sai a 2020 aka ƙara zaɓin bayyana sunaye. Amma ko can, rukunin mutum shida ba ya ɓoye kowa, ana gane mai adawa ta hanyar lissafi kawai.

Idan dole sai WhatsApp, shugabanni su jefa tasu a ƙarshe, a cire sunan mai shawara daga jikin tambaya, a kuma saka “ban yanke shawara ba” cikin amsoshi.