Sharhi a kan keken tserena na farko bayan wata 14

Wata 14 ke nan da na sayi keken tsere na farko a rayuwata, kuma na'urar da ke ƙirga tafiya ta nuna na yi kilomita 3,200 da 'yan kai a kansa, don haka ina ganin na hau shi hawan da zai ba ni damar faɗin abin da na gani ba tare da zumuɗin sabon abu ya rufe mini ido ba. Keken shi ne mafi araha a jerin kekunan kwalta na kamfanin da ya ƙera shi. Firam ɗinsa na alminiyam ne, ƙafar gaba mai riƙe da taya, wadda masu gyara ke kira fok, ta kabon ce, wani abu mara nauyi mai ƙarfi wanda ba ƙarfe ba, giyarsa Shimano Claris ce mai faifai 2 a gaba da 8 a baya, birkinsa kuwa irin na roba ne mai matse bakin rim. Na ɗora shi a sikeli da fedarsa ya ba ni kilo 10.6. Ba zan tsaya a kan sunan kamfanin ba, domin kusan kowane babban kamfani yana da irinsa a wannan mataki, kuma idan aka kankare fenti da tambari, kayan da ke jikinsu kusan uwa ɗaya uba ɗaya ne.

Saura ƙiris na sayi wani keken daban, kuma labarinsa ne ya koya mini mafi yawan abin da na sani game da zaɓen keke. Da irin kuɗin da ke hannuna na samu wani na hannu wanda a takarda ya fi wannan nesa ba kusa ba: firam ɗin kabon, giyar Shimano 105, nauyinsa bai kai kilo 9 ba. Shimano, kamfanin ƙasar Japan da aka kafa a 1921, ya jera giyarsa ta kekunan kwalta hawa-hawa, daga Claris a ƙasa, sai Sora, sai Tiagra, sai 105, sai Ultegra, sannan Dura-Ace ta 'yan gasa, saboda haka wanda ya kwana yana karanta wannan jeri, idan ya ga 105 a kuɗin Claris, hankalinsa tashi yake yi. Girman firam ɗin 58 ne, ni kuwa tsawona santimita 174 ne, wato ya yi mini girma. Mai keken ya bar ni na zagaya da shi na kusan minti 20, kuma kafin na dawo na ji wuyana ya sage, kafaɗuna sun ɗaure, hannuwana sun miƙe sambal kamar mai son ɗauko abu daga kan doguwar kanta, yatsuna kuma da ƙyar suke kamo birki. Na yi ta lallashin kaina cewa zan saba, ko na rage tsawon ƙarfen da ke riƙe da kan keken, har sai da mai gyaran da na tafi da shi ya juya keken ya nuna mini wani siririn layi a fenti kusa da inda feda ke shiga firam. Ya ce mai yiwuwa fenti ne kawai ya tsage, mai yiwuwa kuma kabon ɗin ne, ido ba zai raba gardama ba, kuma kabon ba ya lanƙwasa ya yi gargaɗi kamar ƙarfe kafin ya karye. Na mayar da keken raina a ɓace, amma ban taɓa yin da-na-sani ba.

Wanda na saya girman 54 ne, kuma duk alherin da na samu a jikinsa daga wannan lamba ya faro. Yanayin firam ɗin irin na doguwar tafiya ne, wato gabansa ya ɗan ɗaga sama, nisan da ke tsakanin sirdi da kai kuma bai yi yawa ba, saboda haka mutum ba ya kifewa kamar ɗan gasa. Tsayin sirdi na daidaita shi da lissafin da ake dangantawa da Greg LeMond, Ba'amurken da ya ci gasar Tour de France a 1986 da 1989 da 1990. Na tsaya ba takalmi bayana a jikin bango, na matse littafi mai kauri a tsakanin cinyoyina kamar sirdi, aka auna daga ƙasa zuwa saman littafin aka samu santimita 81. Aka ninka da 0.883 ya ba da 71.5, wanda shi ne nisan da ya kamata a samu daga tsakiyar gindin feda zuwa saman sirdi. Kafin wannan awo na yi mako biyu ina hawa da sirdi a ƙasa, yadda na saba tun ina yaro don ƙafata ta riƙa taɓa ƙasa, gaban gwiwata na dama yana ta zugi. Da na ɗaga shi kusan santimita 3, ciwon ya tafi cikin 'yan kwanaki. Lissafin mafari ne kawai, don daga baya na sake sauke shi da milimita 4 da na ji ƙuguna yana karkata hagu da dama, amma ya kai ni kusa da daidai a zama ɗaya.

Giyar da na raina kafin saye ita ce ta fi ba ni mamaki. Hannun birki da na sauya giya a haɗe suke wuri ɗaya, tsarin da Shimano ya fara fitarwa a 1990 don kekunan gasa, yanzu ga shi ya gangaro har zuwa mafi arha: ka tura hannun birkin ciki sarƙa ta hau babban faifai, ka taɓa ƙaramin hannun da ke bayansa ta sauko. Bayan an ƙara ɗaure wayar sau ɗaya a wata na biyu, lokacin da sabuwar waya ta gama zama, ban sake jin sarƙa tana tsalle ko tana kuka ba. Abin da ya fi sunan giyar muhimmanci shi ne yawan haƙoran faifan, kuma wannan ne masu sayen farko ba sa dubawa. Na gaba suna da haƙora 50 da 34, na baya sun tashi daga 11 zuwa 32. A giya mafi sauƙi, wato 34 a gaba da 32 a baya, juyin feda ɗaya yana ciyar da ni gaba kimanin mita 2.3, abin da ke sa na hau tudu mai tsawo a zaune ina numfashi daidai. Wancan na hannun da na so saya, mafi sauƙin giyarsa 39 ce da 25, kimanin mita 3.3 a kowane juyi, kuma na tabbata da shi na saya da na sha saukowa ina tura shi a tudu da 105 ɗinsa da komai. Inda faifai 8 ke nuna iyakarsu shi ne a shimfiɗaɗɗiyar hanya idan iska na busowa ta gaba, domin daga haƙora 15 sai 18, babu 16 babu 17, sai mutum ya ji wannan ta yi nauyi, waccan ta yi sako-sako. Wanda ke tafiya cikin ayarin masu gudu zai damu da wannan tazara. Ni da nake fita ni kaɗai ko da aboki ɗaya, na kan lura da ita na ɗan lokaci na manta.

Nauyi kuwa ban ga abin tayar da hankali a kansa ba. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ba ta yarda keken gasa ya gaza kilo 6.8 ba, wato tsakanin nawa da na zakarun duniya bai kai kilo 4 ba, ni kuma a watanni shida na farko na zubar da fiye da haka daga jikina.

Inda kamfanin ya tsuke hannu don farashi ya sauko shi ne taya, kuma a nan ne na sha wuya. Tayoyin da ya zo da su masu faɗin milimita 25 ne, robarsu tauri gare ta amma ba ta da wata kariya a ciki, kuma a makonni shida na farko na yi faci sau huɗu. Na farkon ba zan manta da shi ba. Ina da nisan kilomita 17 daga gida na ji bayan keken yana lilo, na sauka na ga taya ta kwanta, na ciro sabon tiyub da ƙaramin famfon da na ɗauko daga tsohon kekena ina jin kaina a shirye, sai bakin famfon ya ƙi zama. Bawul ɗin keken tsere siriri ne, irin wanda ake kira Presta, mai ɗan ƙaramin noti a kai da ake warwarewa kafin iska ta shiga, famfona kuwa na bawul mai kauri ne irin na mota. Na zauna a gefen hanya hannuna baƙi ƙirin da man sarƙa, ina juya famfon kamar zai sauya hali, har wani mahayi ya tsaya ya ara mini nasa, ya kuma sa na shafa cikin tayar da yatsa kafin na mayar da ita, inda na ciro wata 'yar waya da ba ta kai tsawon farce ba, wadda da na bar ta da ta huda sabon tiyub ɗin nan take. Bayan faci na huɗu na sauya tayoyin biyu da masu faɗin milimita 28 masu shimfiɗar kariya, na kuma daina cika su da iska har awo 110 na psi, wato ma'aunin matsin iska, da aka rubuta a gefe, na koma tsakanin 75 da 80. Tun daga nan faci ɗaya na yi a kilomita sama da 2,500, gargadar kwalta ta daina hawowa tafin hannuna, gudun kuma bai ragu ba. Da za a ce na zaɓi gyara ɗaya tak da ya mayar da keken wani abu daban, wannan zan nuna.

Birkin yana kamawa sosai idan hanya a bushe take. Idan ruwa ya sauka sai rim ya yi juyi ɗaya ko biyu kafin robar ta share ruwan ta kama, kuma wannan ɗan jinkiri a gangara yana sa gaban mutum faɗuwa. Sauya robobin da wasu masu laushi ya rage matsalar da kuɗi kaɗan. Na gwada keken abokina mai birkin faifai na waya, wato birkin da ke matse wani faifan ƙarfe a tsakiyar wili maimakon bakin rim, wanda ake samu a kusan wannan farashi, na ga ya fi nawa tabbas a cikin ruwa, yana kuma karɓar taya mai faɗin 32 ko fiye, alhali nawa ya tsaya a 28 saboda bakin birkin ba zai ɗauki fiye da haka ba. Nasa ya fi nauyi kuma yana yawan neman a daidaita shi don kada faifan ya riƙa gogawa. Duk da haka, da yau zan sake saye, ina jin mai faifan zan ɗauka, saboda faɗin tayar fiye da saboda birkin kansa.

Sirdin da farko na ɗauka shi ne abokin gabata, har na fara neman mai kaurin soso. Mai gyara ya hana ni, ya ce sirdi mai laushi yana nutsewa ya danne inda bai kamata ba idan tafiya ta yi tsawo, na sayi gajeren wando mai matashi a ciki na ba jikina mako uku. Haka aka yi, kuma sirdin da ya zo da keken yana nan har yau.

Wannan ya kawo ni ga lissafin da na yi kuskure a kansa tun farko. Na zuba kusan duk abin da na tara a kan keken kansa, na fito ba ni da na hular kwano, da famfon ƙasa mai agogon awo, da ƙaramin famfon tafiya, da tiyub na ajiya, da fitilun gaba da baya, da wandon, da makulli. Da na haɗa waɗannan da sababbin tayoyi da robar birki, sun kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin keken, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da zan kira ƙawa. Da na ɗauki mai giyar Sora, wanda ya ɗara wannan tsada saboda ƙarin faifai ɗaya, da na yi watanni ina hawa ba hula. Takalma masu maƙalewa a feda su ne kawai na jinkirta, kuma har yanzu da feda mai faɗi nake tafiya ba tare da na ji an bar ni a baya ba.

Kuɗin kula da shi ya zo da sauƙi fiye da yadda na zata, kuma wannan wata fa'ida ce ta faifai 8 da ba a cika faɗa ba. Sarƙarsa ta fi ta masu faifai 11 ko 12 kauri da araha, kuma ana barinta har ta miƙe da kashi 0.75 cikin ɗari kafin a sauya, alhali sirara ana sauya su tun a 0.5. Na sayi ɗan ƙarfen awon sarƙa, ina goge ta da tsumma ina ɗiga mata mai duk bayan fita uku ko huɗu, kuma sai a wajen kilomita 2,900 ƙarfen ya faɗa cikinta, na sa sabuwa, faifan baya kuwa ba su nuna alamar ci ba. Wilin baya ya ɗan karkace sau ɗaya bayan na faɗa rami, aka ɗaure sifoki biyu ya miƙe. Wilolin suna da nauyi, ana jin haka idan za a tashi daga tsaye, kuma su ne abu na gaba da zan sauya idan hali ya yi, amma tunda suna juyawa daidai ba na gaggawa.

Wanda ke shirin shiga gasa nan da shekara ɗaya zai ga wannan keke ya yi masa kaɗan da wuri. Ni da burina shi ne motsa jiki da doguwar tafiyar ƙarshen mako, na fara da kilomita 15 ina haki, a watan jiya kuma na yi 104 a rana ɗaya a kansa, na sauka da gajiya a cinya amma wuyana da bayana lafiya lau. Tef ɗin da aka naɗe kan keken da shi ya fara sulɓi a gefen dama inda tafin hannuna ke yawan zama, kuma na riga na sayi sabo zan naɗa a wannan makon.