Banish ɗin katako na Epifanes a cikin jirgin ruwa mai filafilai: abin da na gani da hannuna

Shekara goma sha takwas ina kafinta, amma sai bara na fara taɓa cikin jirgin ruwa. Wani maigidana a Legas ya sayi tsohon jirgin shaƙatawa mai tafiya da iska, ya ce in gyara masa katakon ɗakin. Na shiga na tarar katakon tik (teak) ne mai kyau, sai dai wani ya taɓa shafe shi da folish na kujerun gida, duk ya tsattsage yana ɓarewa. Ƙarƙashin tagogi kuwa ruwa ya yi ta ɗiga har wurin ya yi baƙi ƙirin.

Maigidan ne ya kawo banish ɗin Epifanes, ɗan ƙasar Holan, gwangwani biyu: mai sheƙi, da kuma Rubbed Effect, marar ƙyalli sosai, wanda ake gamawa da shi a ciki.

Kafin a buɗe gwangwani akwai wahala. Bangon ɗakin ba tik ne zalla ba, ɓawo ne siriri da bai kai milimita 1 ba aka manna a kan filawud. Ka danna samfefa da ƙarfi, sai ka ga fari ya leƙo, kuma shi ke nan. Don haka da makankari na bi shi a hankali, sannan samfefa lamba 220 da hannu, ina bin jijiyar katakon. Baƙin tabon na jiƙa shi da sinadarin oksalik sau biyu, na wanke, ya washe. Tagogin ma sai da na sa aka toshe yoyonsu, in ba haka ba aikin banza ne.

Tik yana da maiƙo, sai na goge da tina, wato ruwan tsinka fenti, tukuna. Shafin farko rabi banish rabi tina, katakon ya shanye shi tas. Na biyu na rage tinar zuwa kashi 25 cikin 100. Kowane shafi na ba shi awa 24, na ɗan bi da samfefa, na share ƙura, sannan na ƙara. Biyar na yi na mai sheƙi, biyu na Rubbed Effect.

Abin da ya burge ni shi ne yadda yake kwanciya. Ka ja buroshi, ka ga sawu, kafin ka juyo ya baje kamar zuma. Launin tik ɗin ya fito ja-ja mai ɗumi, ba ƙyallin da ke kashe ido idan rana ta shigo.

Mai gaggawa kada ya fara. Mako biyu aikin ya ci, kuma da hantsi nake shafawa don laimar yamma kada ta dusashe shi. Wata takwas ke nan, damina ta wuce a kansa. Makon jiya na je na shafa hannuna a kan matakalar da ake taka ta da jiƙaƙƙiyar ƙafa kullum, ko tsaga ɗaya ban ji ba.