Wata uku ina tonon tarihi a Internet Archive

Gardama ce ta kai ni. Muna majalisa bayan sallar isha'i wani ya ce Bature bai taɓa taka Kano ba sai zuwan sojojin Lugga a 1903. Na san ba haka ba ne, amma ba ni da abin nunawa. Wani ƙanena ne ya ce, “Yaya, duba archive.org mana, har littattafan da kakanninmu ba su gani ba suna can.”

Ɗakin karatu ne na intanet, an kafa shi a Amurka a 1996. Tsofaffin littattafai ake ɗauka hoto shafi-shafi a ɗora, wanda ya tsufa sosai kuma sai ka sauke shi kyauta, ko rajista ba sai ka yi ba. Data kawai zai ci, kuma yana ci. Ni sai tsakar dare nake saukewa, lokacin garaɓasa.

Abin da na fara cin karo da shi littafin tafiye-tafiyen Heinrich Barth ne, Bajamushen nan da ke kiran kansa Abdulkarim, juzu'i biyar. Ya shigo Kano a Fabrairun 1851, ga bashi ga zazzaɓi, duk da haka ya zauna ya ƙiyasta mutanen birni dubu 30, ya bi sawun baƙin rini na Kano har Tambutu. Da na karanta wurin, washegari na ratsa ta marinar Ƙofar Mata na tsaya ina kallon rijiyoyin baba kamar baƙo.

Sai dai neman suna yana son haƙuri. Na rubuta Katsina, shiru. Ashe Barth “Kátsena” yake rubutawa. Kwana biyu ina zargin wayata.

Wanda ya fi kama ni kuwa labarin Dorugu ne, yaron Bahaushe da Barth ya tafi da shi Turai, a cikin littafin Magana Hausa na wani Bature mai suna Schön, bugun 1885. Rubutun baƙo ne, haruffan da ƙugiyoyi da ɗige-ɗige, ido ba ya ɗauka sai ka karanta a bayyane. Da na ɗaga murya sai Hausar ta fito sarai. Hajiyarmu tana kan tabarma tana jan carbi, ta ce, “Wannan ai maganar mutanen da ce, wa ya koya maka?”

Turawan nan da idon baƙo suka kalle mu, wani wurin za ka ji rainin a fili, don haka ina haɗawa da abin da na ji a bakin manya. Amma wanda ke da waya mai ɗan faɗin fuska da juriyar tsohon Turanci, ya gwada.

Majalisa kuwa na koma da shafin a waya. Mutumin ya duba, ya duba, ya ce ai shi Baturen Ingila yake nufi. Yanzu littafin Clapperton nake saukewa, Baturen Birtaniya da ya zo Kano a 1824.